Musayar waƙa: Kakana, manomi kuma falken shanu

Ɗan Gandu: Salam 'yan uwa. Yau shekara goma da rasuwar kakana, manomi ne kuma mai fataucin shanu a wani ƙauye gabas da Wudil, tun asuba yake raina shi ne na ce bari in buɗe fage da shi.

Da sunan Allah zan fara,
Yabon kakana gwanin kara,
Da damina gandu yake gyara,
Da rani shanu yake tara.

Gyaɗar babansa ta hau dala,
Shi ko ya taso cikin wahala,
Akuya ɗaya ya fara kula,
Har ya kai ga bijimin sallah.

Bafagge: Allah ya jiƙan kaka. Amma fa:

Ka ce mana falke ko dillali?
Mai rantse-rantse ba dalili,
Hannu a riga, a ɓoye asali,
Tsohuwar saniya ta zam karsana, sai hankali.

Ɗan Gandu:
Ɗan Fagge ba ka san turke ba,
Ko harawa ba ka ɗauka ba,
Sa da karsana ba ka rabe ba,
In ban da tsire ba ka san komai ba.

Kuma wallahi kakana bakin dabba yake buɗewa mai saye ya ga haƙora ya lissafa shekarunta da idonsa, in da ciwo a ƙafa zai faɗa ko cinikin zai lalace.

'Yar Dambatta: Kai ƙanena ka gama da shi! Sai dai wannan karar Wudil da kake ta kurantawa:

Juma'arku ta Wudil mun ji ta,
Lahadi ka zo ka ga Dambatta,
Bunaji, bokolo sun cika ta,
Rago balami ko ba a maganarta.

Jikan Mahauta: Hajiya ki yi haƙuri, tirelolin da ake lodawa a Wudil zuwa Ikko ranar Juma'a sun ishe ki amsa. Ɗan Gandu ne gwanin zauren nan kowa ya sani.

Bafagge: Gwani a wurin wa? Kai dama duk mai shanu ubangidanka ne.

Malam Mai Alli: Ku dakata. Bafagge ɗangonka na farko gaɓa 10 ne, na huɗu 15, wannan ai ba baiti ba ne, kaya ne aka yi wa jaki fiye da ƙarfinsa. Hajiya ke ma na ƙarshen ya ɗingisa.

Bafagge: Allah gafarta Malam nan ba aji ba ne, in aka rera shi da kalangu zai zauna daram.

Malam Mai Alli: Rubutacciyar waƙa muke ba ta baka ba. Kuma ba ƙirga kaɗai ba, akwai gaɓa mai nauyi da marar nauyi, in ba su jeru ba kari ya karye ko ƙafiya ta yi kyau.

'Yar Dambatta: To Malam kawo naka baitin mu auna mana, kullum gyara ba ka taɓa sa ko ɗango ɗaya ba.

Jikan Mahauta: Shi ma Ɗan Gandu "ba" ya jera sau huɗu amma ba a taɓa shi ba, don haka a bar maganar.

Malam Mai Alli: Zan zo kansa.

Ɗan Gandu: Afuwan kwana biyu ba ni da data, na dawo na tarar kun bar kakana a tsaye kuna faɗan awo. Bari in ƙarasa, don wannan ɓangaren shi ne ke sa ni hawaye. Farin 1973 ya cinye rumbunsa, yana farfaɗowa gwamnatin Rimi ta soke haraji da jangali a 1979 ya ɗan samu sa'ida, sai ciwon bushiya na 1983 ya shiga garke.

Bushiya ta shigo da dare,
Garke ya kwanta duk a jere,
Kaka ya tsaya da igiya a ɗaure,
Ba maraƙi ɗaya da ya tsere.

Kakata ta kwance 'yan kunnenta,
Ta kai kasuwa da tasoshinta,
Tunkiya biyu ta sa a hannun mijinta,
Ta ce Malam koma kara ka gwada ta.

Da tumakin nan biyu ya sake tashi. Shanun da ya karɓa bashi suka mutu a hannunsa sai da ya biya kuɗinsu kaf, shekara huɗu yana biya, gayaunarsa ma ya jinginar. Babana shi ne ɗan fari, shi ya shigo birni ya zauna 'Yan Awaki a Unguwa Uku, mu aka haife mu a nan, gonar kuma tana hannun baffana har yau ana zuba mata takin turke.

Bafagge:
Na janye batun dillali,
Mai biyan bashi ɗan asali,
Amma jikan ya bar fartanya, ina dalili?

Malam Mai Alli: Ƙwar uku kuma yanzu? Ina na huɗun?

Ɗan Gandu: Bafagge damina na zuwa, ka shirya in kai ka gonar ka riƙe garma kunya ɗaya kawai, a can zan ba ka amsa.