"Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare": wa ke cin gaya a littafi na uku?

Malam Sani, Tudun Wada: Assalamu alaikum. Littafi na uku na labarin yaƙin nan ya shigo kasuwar Sabon Gari, wanda jarumi ke neman guntaye bakwai na karyayyen takobi don ya halaka sarkin bokaye. Masu karatu sun rabu biyu: wasu sun ce an rufe labari da kyau, wasu sun ce an yi musu hanzari. Abin mamaki, kowane ɓangare karin magana ɗaya yake jawowa, wai ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. To wane ne macin a nan, kuma mece ce miyar?

Malama Rabi, Kongo: Wa alaikumus salam, Malam. Mu fara daga kwano. Tuwo da miya kowa na iya ci, ko marar yunwa, don yauƙin kuɓewa ke tura loma. In miya ta ƙare saura gaya, nan ake gane wanda tuwon ya zo ci da wanda lasar miya ta kawo shi. Shi ya sa ake faɗinsa kan abokin da bai gudu ba bayan kuɗi sun ƙare, ko ɗan damben da ya kai turmi na uku ƙafarsa ba ta rawa. A littafi, macin shi ne marubuci, miyar kuwa sabon abu ce. Littafi na ɗaya cike yake da ita: sabon birni, sabon aljani, dajin da ba a taɓa shiga ba. A na uku an riga an san kowa, ba abin da ya rage sai warware ƙulli, kuma nan ne ake ganin ko mutum ya iya labari.

Baban Hanifa: Malama, ban yarda ba. Marubuci ba ci yake ba, tuƙawa yake. Maci shi ne wanda ya sayi na ɗaya, ya sayi na biyu, ya jira, ya sayi na uku ya karanta har shafin ƙarshe ko da daɗin ya ragu. In marubuci ake son a auna, karin maganarsa daban: ba girin-girin ba, ta yi mai.

Malam Ɗanlami, Samaru: Ku bar gardamar suna tukuna, ku ɗauki takarda. Hanyar auna littafin ƙarshe ɗaya ce: a rubuta duk alkawarin da aka yi wa mai karatu a na ɗaya da na biyu, sannan a bi na uku ana sokewa. A wannan labarin an samo guntu biyu a na ɗaya, biyu a na biyu, kowanne ya ci kusan shafi 40. Saura uku. Ga babban yaƙi, ga munafukin da ke cikin fada ba a tona shi ba, ga auren gimbiya, ga aljanar da ta rantse za ta rama kisan ɗanta. Bashi bakwai ke nan, a cikin shafi 96.

Lissafin ba ya fita, shi ya sa a babi na huɗu wani tsoho mai farin gemu, wanda ba a taɓa jin labarinsa ba, ya fito daga kogo ya miƙa wa jarumi guntu biyu kyauta. Wannan ne ya ɓata wa mutane rai. A irin wannan labari mai karatu zai yarda da doki mai fiffike da zoben da ke magana, amma da sharaɗi biyu: a nuna masa abin tun da wuri, kuma a nuna masa farashinsa. In an ce duk wanda ya zare takobin zai rasa ganinsa, to ranar da jarumi ya zare shi sai ya makance, ko kuma a nuna dabarar kuɓuta da aka shuka tun baya. A nan ya zare, ya sare, ya koma gida da idonsa biyu garau.

Alhaji Garba mai ɗab'i: Malam Ɗanlami, ranka ya daɗe, akwai wani gefen. Shafi 96 ɗin nan ba haka kawai ya zo ba. Ana buga littafi ne a kan babbar takarda a naɗe ta, kowace ta ba da shafi 8 ko 16, saboda haka 96 naɗi shida ne na 16. In rubutu ya kai 103, sai dai a ƙara naɗi guda ko a yanke bakwai. Takarda ce ke cin mafi yawan kuɗi, na uku kuma ba ya kai na ɗaya ciniki, don wasu masu saye sun zube a hanya. Sai a zaɓi yanka, kuma wuƙar kan faɗa a wutsiya, wurin da aka fi bukatar fili. Ku duba shafukan ƙarshe, za ku ga an matse layuka. Maganinsa shi ne a gama rubuta ukun kafin a kai na ɗaya injin, sannan a raba. Wanda ya buga na ɗaya bai san ƙarshensa ba, shi ne wankin hula ke kai shi dare.

Malama Rabi: Haka ne, Alhaji. Magana Jari Ce ma juzu'i uku ne, a nan Zariya Abubakar Imam ya yi aikinsa, ya fito tsakanin 1937 da 1939, kuma a na ukun bai tsaya maimaita na ɗaya ba, sai ya sa aku, mai ba da labaran, ya koma koya wa ɗansa Fasih. Wato ya sake ɗora wata miyar.

Malam Ɗanlami: Misalin bai zauna daidai ba, Malama. Can labarai ne gajeru, kowanne na ƙarewa a wurinsa, bashin da ake ɗauka zuwa gaba kaɗan ne. Labarin yaƙi zare ɗaya ne daga farko, ba ya da damar sauya tukunya a na uku.

Hajiya Ladi, Ƙofar Doka: 'Ya'yana, duk kun manta da abin da ake koya wa yaro a gaban kwano. Ana ce masa ya riƙa dangwala, kada ya kwashe miya a lomar fari. Gwanin ci yana auna miyarsa da tuwonsa su ƙare tare. Marubucin da ya zuba duk aljanunsa a littafi na ɗaya shi ya jawo wa kansa gaya, ba abin yabo ba ne don ya haɗiye. Ya kamata ya ɓoye abu ɗaya babba, kamar asalin sarkin bokayen, ya riƙa nuna gefensa kaɗan-kaɗan, sai a na uku ya buɗe.

Baban Hanifa: Hajiya ta tuna min da wani abu game da lokacin faɗinsa. Wannan karin magana an fi yin sa tun ana cikin ci, lokacin da wani ke cika baki, ma'ana a dakata a gani. Wurinsa shi ne ranar da na ɗaya ya fito ana ta kirari. Yanzu da aka suɗe kwano, hukunci ya rage, ba jira ba. Masu yabon ma suna da hujja: tona munafukin ya yi kyau, don an nuna tabon hannunsa tun a na ɗaya, duk wanda ya koma ya duba zai same shi.

Malam Sani: Wannan na yarda, shi kaɗai ne bashin da aka biya cif. Amma aljanar fa? Ta yi rantsuwa a ƙarshen na biyu, kuma daga shafi na 1 zuwa na 96 na ukun ba a ga ko inuwarta ba. In akwai wanda ya ci karo da ita, don Allah ya faɗi lambar shafin.