Madaukin da yake daidai amma yana ruɗa mai karatu: yare ya ƙi shi ko ya bar shi?

Aminu: Salamu alaikum jama'a. Na zo da maganar da na san za ta tayar da ƙura. Madauki shi ne sashen kod da ke maimaita aiki zagaye bayan zagaye. Duk madaukin da idon mutum zai karanta ya fahimci abu ɗaya, kwamfuta kuma ta aikata wani abu daban, kamata ya yi yaren shirya manhajar ya ƙi shi ƙememe. Ba gargaɗi nake nufi ba, ya ƙi tafiya gaba ɗaya. Ku dubi wannan na Python:

```
for f in fayiloli:
    try:
        aika(f)
    finally:
        break
```

Idan `aika` ta ci karo da matsala, `break` ɗin nan, umarnin ficewa daga madauki, da ke cikin `finally`, sashen da ke gudu ko an yi kuskure ko ba a yi ba, zai haɗiye kuskuren, shirin ya wuce abinsa kamar komai lafiya. Python 3.14 da ta fito a Oktoban 2025 ta fara yin gargaɗi a kan wannan, bisa takardar shawarar gyaran yaren mai suna PEP 765. A wurina gargaɗin ma rangwame ne. C# ai sam ba ya barinka ka fice daga `finally` da `break` ko `return`, kuma ba wanda ya mutu.

Malam Bala: Wa alaikumus salam. Aminu, wa zai yanke hukuncin abin da ke ruɗarwa? Kai? Ga layin da masu C suke rubutawa tun kafin a haife ka:

```
while (*d++ = *s++);
```

Yana kwafe rubutu daga wani wuri zuwa wani har ya iso sifilin ƙarshe. Ɗalibin shekarar farko zai ce tsafi ne. Wanda ya saba kuwa kallo ɗaya ya ishe shi. Mu hana shi saboda ɗalibin?

Aminu: Allah ya gafarta Malam, wannan waƙafi mai ruwan da ke ƙarshen layin shi ne dai ke cinye mutane. Mutum ya rubuta `for (i = 0; i < n; i++);` hannunsa ya zame ya sa alamar, sai layin da ke ƙasa ya gudu sau ɗaya tak maimakon sau n. Da Go ne ba za a kai nan ba, don dole sai ka buɗe baka ka rufe.

Malam Bala: Clang, manhajar da ke harhaɗa kod ɗin C ya zama shirin da kwamfuta za ta gudanar, yana kama wannan, har ya gaya maka idan da gangan ne ka sauko da alamar layinta ita kaɗai. Ka ga an raba gardama: mai ganganci ya nuna ganganci ne, mai kuskure ya gyara. Gyara kayanka ai bai zama sauke mu raba ba.

Zainab: Malam, a nan ina ɗan bayan Aminu. Gargaɗi yana aiki ne ga mai karanta shi. Na yi aiki a wani wuri da in aka harhaɗa kod, gargaɗi ke zubowa har allon ya cika ya wuce, ba mai ɗaga kai ya duba. Sabon gargaɗi ya shigo cikinsu ya ɓace. Amma Aminu, ka haɗa abubuwa biyu da ba ɗaya ba. Akwai kod ɗin da ba ka saba da shi ba, akwai kuma kod ɗin da ke yi maka ƙarya. Layin Malam na farko baƙo ne kawai, in ka koya sau ɗaya shi ke nan. Naka na `finally` kuwa ko gwani zai iya karantawa ya wuce bai lura kuskure ya salwanta ba.

Ummi: Yaya Zainab, to `else` ɗin da ake sa wa `for` a Python fa, a wane ɓangare yake? Ni da na fara ganinsa na ɗauka yana aiki ne idan jerin babu komai a ciki.

Zainab: Ba ke kaɗai ba ce ƙanwata. Yana aiki ne duk lokacin da madaukin ya kai ƙarshe ba tare da an yi `break` ba, ko da kaya a jerin ko babu. Amfaninsa a wajen nema ne: kin zagaye jerin, in kin samu abin ki fita, in ba ki samu ba `else` ya ɗauka. Ni ina amfani da shi, kuma zan ji haushi in aka cire. Abin da zan yarda a hana shi ne `else` a kan madaukin da babu `break` a cikinsa ko ɗaya, domin a nan ba shi da wata ma'ana, kusan kullum alama ce mai rubutun bai fahimce shi ba. Pylint, manhajar da ke duba kurakurai a kod ɗin Python, yana kama wannan tuni.

Aminu: To kin ga kin dawo layina. In dai kusan kullum kuskure ne, me ya sa za a bar wa Pylint? Mutum nawa ne ke sa Pylint a aikinsu?

Injiniya Hassan: Ku yi haƙuri yanzu na sami sarari. Aminu, bari in ba ka misalin da ya fi naka ƙarfi, sannan in nuna maka yadda yake rusa maganarka.

A Go kafin sigar 1.22, ma'ajin da madaukin `for` ke zuba ƙima a ciki guda ɗaya ne tun daga zagayen farko har na ƙarshe. In ka ɗauki adireshinsa ka ajiye, ko ka miƙa shi ga wani aiki da zai gudu daga baya, duk za su ƙare suna kallon ƙimar ƙarshe. A ido kod ɗin tsaf yake. Wannan ne ya kama Let's Encrypt, masu ba shafukan intanet takardar shaidar tsaro, a ƙarshen Fabrairun 2020. Manhajarsu da ke sake duba izinin bayar da takardar shaidar tsaro, idan takarda tana ɗauke da sunayen shafuka goma, sai ta duba suna ɗaya sau goma. Abin ya shafi takardu kimanin miliyan 3. Kuma waɗannan ba 'yan koyo ba ne.

Me masu Go suka yi? Ba su hana rubutun ba. A Fabrairun 2024 suka canza ma'anarsa: kowane zagaye ya sami sabon ma'aji nasa, wato kwamfuta ta koma yin abin da kowa ya ɗauka tana yi tun da. C# ma haka ya yi wa `foreach` a 2012. JavaScript kuma ya kawo `let` a 2015, ya bar `var` da halinta.

Aminu: Injiniya, wannan ai ya fi hanawa haɗari. Kod ɗaya, jiya ma'ana daban yau daban.

Injiniya Hassan: Shi ya sa suka ɗaure canjin da layin da ke cikin fayil ɗin `go.mod`. Sai ka rubuta da hannunka cewa aikinka na 1.22 ne ko sama kafin sabuwar ma'anar ta hau kansa. Tsohon kod yana nan yadda yake. Da hanawa suka yi, ta yaya injin zai bambance wanda ya ɗauki adireshin ya yi amfani da shi nan take, wanda ba laifi, da wanda ya ajiye shi don gaba? `go vet`, mai duba kurakurai a kod ɗin Go, ya yi shekaru yana ƙoƙari, kaɗan yake kamawa, don in ya matsa sai ya fara zargin kod mai lafiya.

Malam Bala: Ka taɓo inda nake so. Duk wanda ke cewa a hana, ba shi ne zai zauna ya gyara tsohon kod ba. Python 3 ta fito a 2008, ba a binne Python 2 ba sai 1 ga Janairun 2020. Mutanen da suka sha wannan wahala ba za su yi garajen karya wa jama'a aiki a kan `break` ɗaya ba. Ka sani ma an taɓa kawo wannan shawarar ta `finally` a 2019, PEP 601, aka ƙi ta. Da aka dawo da ita sai da aka bi dubban ɗakunan kod na PyPI, rumbun da masu Python ke ajiye kod ɗinsu, aka duba yadda ake rubuta shi a zahiri, aka ga mafi yawan wuraren kuskure ne. Hujja aka kawo, ba jin haushi ba.

Zainab: Amma Malam, Swift ya yi abin da Aminu ke so kuma duniya ba ta tashi ba. A Swift 3, shekarar 2016, suka cire madaukin `for` irin na C gaba ɗaya, har da `++` da `--`.

Malam Bala: Shekarar Swift biyu da fitowa a lokacin, kuma Apple ce ke riƙe da yaren da kayan aikin duka. C yana cikin injin mota, yana cikin na'urar asibiti, yana cikin mitar wuta. Masu motoci da suka ga suna bukatar tsauri ba su je sun ce a canza C ba, sun rubuta dokokin MISRA a 1998 suka ɗora wa kansu. Kai ma Aminu kana da `-Werror`. Kunna shi, kowane gargaɗi ya zama hani a aikinka.

Aminu: Malam, matsalar ita ce wanda ya san ya kunna `-Werror` ba shi ne mai bukatarsa ba. Ummi ce mai bukata, kuma ba wanda ya gaya mata akwai shi.

Ummi: Gaskiya yau na fara jin sunansa.

Aminu: Kun ji ko. Ku ɗauki cire abu daga jeri alhali kana zagaya shi. Rust ba zai ma harhaɗa maka ba. Java zai bari, sai ana cikin gudu ya jefo maka kuskure, wani lokacin ma bai jefo ba. Python kuwa in jeri ne shiru za ta yi, ta tsallake abin da ke bin wanda ka cire, amma in ƙamus ne ka canza girmansa sai ta yi ihu. Yare ɗaya, hukunci biyu. A cikin ukun nan wanne za ku so ɗalibinku ya fara haɗuwa da shi?

Injiniya Hassan: Rust ya iya haka ne don tun tushe an gina shi a kan sanin wa ke riƙe da me. Python ba ta da wannan sanin kafin shiri ya fara gudu. Jerin da kake zagayawa zai iya samun suna na biyu a wani fayil can, wani aiki ya taɓa shi ta nan. Ba ƙin hanawa ta yi ba, ba ta gani ne.

Zainab: Ni dai ga inda na tsaya. A hana abu in ya cika sharaɗi biyu: injin zai iya gane shi ba tare da ya zargi mai gaskiya ba, kuma an duba kod na gaske an ga galibi kuskure ne. `break` mai ficewa daga `finally` ya cika duka biyun, don haka ina so a sigar gaba ya tashi daga gargaɗi ya zama hani. `else` na madauki mai `break` bai cika na biyu ba. Na jerin Python bai cika na farko ba.

Malam Bala: Na yarda da sharuɗɗan, da ƙarin na uku: a ba mutane shekaru suna ganin gargaɗin kafin a rufe ƙofa.

Aminu: Shekara nawa Malam? Ada tun 1983 ba ta yarda ka taɓa ma'ajin ƙirgen madauki daga cikinsa. C har gobe yana bari.

Malam Bala: Kuma wanne mutane suka ɗauka suka yi ta aiki da shi a cikin biyun?

Aminu: Wannan wata muhawarar ce daban, ban yarda tsaurin ne ya jawo ba.

Ummi: Kafin ku shiga waccan, Yaya Zainab, na duba aikina na makaranta yanzu, akwai wuri biyu da nake yin `remove` a cikin `for`. Yaya zan yi da su?

Zainab: Kada ki cire daga wanda kike zagayawa. Gina sabon jeri da abubuwan da kike son bari kawai, ko ki zagaya kwafinsa da `for x in jeri[:]`. Na farkon ya fi sauri in jerin babba ne. Turo min fayil ɗin in duba bayan Isha'i.