Hazo ya cinye min Dutsen Kwatarkwashi, wa ke da dabara?

Aminu Gusau: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Jiya da hantsi na tsaya bakin hanyar Gusau zuwa Tsafe na ɗauki Dutsen Kwatarkwashi, hoto kusan talatin. Da idona ina ganin tsagar dutsen da itatuwan gindinsa, amma a waya sai ka ce an shafa masa toka. Na shiga manhajar gyaran hoto ta Lightroom na ja maɓallin cire hazo, wanda aka rubuta wa Dehaze, har ƙarshe. Dutsen ya fito, sai dai sama ta koma kamar ruwan kwata, ga wani farin zare ya zagaye bakin dutsen. Ku taimaka, wani mai shago ne ke son a buga masa babba ya rataya.

Nafisa B/Kebbi: Wa alaikumus salam. Har 100 ka kai shi? To nan matsalar take. Ni a hoton hunturu ba na wuce 20 zuwa 30. Da ka wuce haka launi zai yi kauri fiye da kima, inuwa ta yi baƙi ƙirin, ga tsaki-tsaki kamar an watsa yashi. Koma sifili ka fara daga farko.

Aminu Gusau: To Anti Nafisa, a 25 ɗin ai dutsen bai fito yadda nake so ba.

Nafisa B/Kebbi: Don ka ɗora wa maɓalli ɗaya aikin mutum uku. Buɗe jadawalin haske, wanda ke nuna duhun hoto a hagu, haskensa a dama, ka duba, za ka ga komai ya dunƙule a tsakiya, hagu fayau, dama fayau. Abin da hazo ke yi ke nan, babu baƙi na gaske, babu fari na gaske. Ja maɓallin baƙi zuwa hagu a hankali har jadawalin ya kusa taɓa bangon hagu, ka ɗaga na fari kaɗan. Sannan ka sa Dehaze ɗin. Rabin aikin ya ƙare tun kafin ka taɓa shi.

Baba Alu Argungu: Ɗana Aminu, tsaya in tambaye ka. Wanga hoto, JPEG ne, wato matsattsen fayil na yau da kullum, ko RAW, ɗanyen fayil da kyamara ba ta sarrafa ba?

Aminu Gusau: JPEG ne Baba, da kyamarar waya kai tsaye.

Baba Alu Argungu: Awo, na zata. Shi ya sa sama ta yi maka layi-layi. JPEG mataki 256 kawai yake riƙewa a kowane launi, kuma hoton hazo ɗan kaɗan yake amfani da shi daga ciki. In ka miƙe shi da ƙarfi sai ya yage, kamar tsohon zane. RAW na kyamara yana riƙe matakai dubbai, ka ja yadda kake so bai koka ba. A bikin kamun kifi na Argungu na Maris ɗin 2020 ina bakin kogin Matan Fada tun da sassafe. Ga hazon sama, ga ƙurar da dubban masunta suka tayar da ƙafa da suka ruga da homa da gora. A bayan kyamara ba ka ganin komai sai fari. Da na dawo gida na buɗe RAW ɗin, har igiyar da ke ɗaure da gorar wani masunci na fito da ita. Yaron da ke gefena da waya yake ɗauka, mun zauna kan nasa har la'asar, bai gyaru ba.

Sadiya Zuru: Baba ai wayoyi da yawa yanzu suna da RAW a ɓangaren Pro na kyamararsu. Ko babu, kyamarar cikin Lightroom ta waya tana ɗaukar DNG, wato wani nau'in RAW, a kan wayoyin da suka iya. Manhajar Snapseed ma tana buɗe DNG, kuma kyauta ce.

Malam Nasiru Mafara: Bari in ɗan yi bayanin dalilin da sama ke lalacewa, don in ka gane shi ba za ka sake faɗawa ba. A 2009 wani mai bincike, Kaiming He, da abokan aikinsa suka lura cewa a hoton waje mai tsabta, kusan kowane ɗan yanki yana da ɗigon da ɗaya daga cikin launuka uku, ja ko kore ko shuɗi, ya kusa zama baƙi. Inuwar ganye, ramin dutse, gindin ciyawa. In manhaja ta duba yanki ba ta samu wannan ɗigon ba, sai ta ce hazo ne ya rufe shi, ta ƙiyasta kaurinsa ta cire. A kan wannan aka gina mai cire hazo na manhajar darktable, wadda ake saukewa kyauta a kwamfuta. To sama fa? Sama ba ta da inuwa tun asali. Haka farin bango, haka farar riga. Manhaja sai ta ɗauka hazo ne mai kauri, ta yi ta ƙwaƙula, shi ne kake ganin wannan dattin. Maganinsa ka ware dutsen kaɗai ka yi masa aiki, ka bar sama yadda Allah ya yi ta.

Aminu Gusau: Allah ya saka da alheri Malam. Amma ware yanki a Lightroom ta waya ai sai mai biyan kuɗin wata.

Sadiya Zuru: Haka ne. Yi shi a Snapseed. Ka ƙara bambancin haske da duhu da ɗan fito da tsaga a kan hoton gaba ɗaya, sannan ka shiga jerin gyare-gyaren da ka yi, ka ɗauki buroshi ka shafa gyaran a kan dutsen kawai. Wajen bakin dutse ka zuƙo hoton sosai, ka rage ƙarfin buroshin. Farin zaren nan da kake gani daga nan yake fitowa, inda duhu ya haɗu da haske. Ni haka nake yi wa duwatsun Zuru, yana cin minti goma sha biyar amma ba ya nuna an taɓa.

Nafisa B/Kebbi: Kada a manta da launi. Hazon da Turawa ke fama da shi a duwatsunsu shuɗi ne, koyarwar YouTube da yawa a kansa take, shi ya sa suke cewa a ƙara ɗumi. Namu ƙura ce. In ka cire ta, abin da ke fitowa rawaya ne mai datti, wani lokaci har da ja-ja. Sai ka sanyaya launin kaɗan, ka rage kaurin rawaya da ruwan lemo, in ba haka ba dutse ya koma kamar tukunyar ƙasa.

Malam Nasiru Mafara: Gaskiyarki. Kaso mai yawa na ƙurar nan daga kwarin Bodele take tasowa a arewacin Chadi, busasshen gindin wani tsohon tafki, iskar arewa maso gabas ta kwaso ta. Ƙwayoyinta manya ne in aka gwada da na iska zalla, shi ya sa filtar CPL, gilashin rage ƙyalli da ake ɗaurawa a bakin kyamara, da ke yi wa shuɗin sama aiki ba ta yi wa hazonmu wani abin kirki. Na gwada a madatsar Bakolori. Ƙyallin ruwa ta cire, hazo kuwa yana nan daram.

Baba Alu Argungu: Ni dai abin da nake roƙonku yara, kada ku share shi duka. Ido da hazo yake gane nisa. Itacen kusa baƙi, na tsakiya ya ɗan dushe, dutsen can ya yi fari-fari, shi ne mai kallo zai ji faɗin dajin. In ka mai da su duka ƙarfi ɗaya, hoto ya baje kamar zanen bango. Kuma mutumin Kwatarkwashi da zai shiga shagon nan ya san kamar dutsensu a watan Janairu. Gaba ka gyara sosai, tsakiya kaɗan, nesa ka ɗan taɓa kawai.

Aminu Gusau: Na sake daga farko. Baƙi da fari tukuna, Dehaze 22, sauran na ƙarasa a Snapseed a kan dutsen kaɗai. Ga shi nan na tura.

Nafisa B/Kebbi: Sake turowa a matsayin fayil, WhatsApp ya matse shi, ba za mu ga gaskiyar sama ba.

Aminu Gusau: Ga shi.

Nafisa B/Kebbi: Madalla, yanzu ya zama hoto. Sai ɗigo biyu baƙaƙe a sama ta dama, share su. Kuma kafin a buga babba, a fara gwada ƙarami, takarda tana ƙara duhu.

Baba Alu Argungu: Ka duba ɗigon nan da kyau kafin ka share, Aminu. Na hagun yana da fukafukai, ina jin shaho ne. In kuwa dama ta samu ka koma da safe rana na bayanka, ranar da iska ta kwanta. Ka ɗauki RAW, ka goge gilashin da ƙyalle mai laushi bayan ka hure ƙurar, don shafa ta a bushe yana karce shi.

Aminu Gusau: Shaho ne kuwa Baba, na bar shi. Asabar in sha Allah zan koma bayan asuba. Sadiya, ki turo min inda ake kunna RAW ɗin a waya.