Neman Shawara: Wane Lensi Zan Saya Wa Canon 2000D Da Ɗan Kuɗin Da Ke Hannuna?

Assalamu alaikum, 'yan uwa. Ban daɗe da fara koyon ɗaukar hoto ba, kuma Canon 2000D nake amfani da ita tare da lensin 18-55mm da ya zo da ita. Matsalata ita ce duk hoton da na ɗauka a cikin ɗaki, musamman wajen suna ko walima bayan magariba, sai ya fito da duhu ko da rawa. An ce mini in nemi lensin da ba ya zuƙowa amma yake buɗewa sosai. Kuɗina bai kai na guda biyu ba, wanne kuke ganin ya dace?

Amsa ta farko: Wa'alaikumus salam, Malam. Nemi Canon EF 50mm f/1.8 STM, wanda ya fito a 2015 a kan kusan dala 125. Lensinka idan ka kai shi 50mm ba ya buɗewa fiye da f/5.6 (lambar f ita ce ma'aunin buɗewar lensi, ƙaramar lamba ta fi buɗewa), shi kuwa wannan a f/1.8 yana shigar da haske kusan ninki goma, kuma abin da ke bayan mutum zai dushe, fuskarsa ta fito fes. Gindinsa, inda ake ɗaura shi a jikin kyamara, ƙarfe ne, saɓanin tsohon samfurin da aka yi wa gindin roba.

Amsa ta biyu: Ban ƙi maganar ɗan uwana ba, amma akwai abin da ya kamata ka sani tukuna. Sensar kyamararka, wato ɓangaren da ke karɓar haske a cikinta, ƙarama ce, tana matse hoto da ninki 1.6, don haka 50mm zai yi maka aiki kamar 80mm, wato filin da zai shiga hoton zai ragu. A ɗakin mai jego, inda gado da kujeru suka cinye fili, za ka ja da baya har ka jingina da bango, amma mutum uku ba su shiga hoton ba. Kafin ka biya ko sisi, ka tsayar da lensin da kake da shi a kan 50mm, kada ka murɗa shi na mako guda, sannan ka gwada 24mm haka. Idan na biyun ya fi yi maka daɗi, EF-S 24mm f/2.8 STM shi ne naka, duk da cewa haskensa bai kai na f/1.8 ba.

Amsa ta uku: Idan na hannu za ka saya, tafi da kyamararka, ka haska tocilan waya ta cikin gilashin ka duba ko akwai fumfuna mai kama da yanar gizo-gizo, domin ita ba ƙura ba ce da za ka goge. Kuma a f/1.8 saiti yana da tsauri, ido ɗaya kan fito ɗayan ya dushe, saboda haka ka koma f/2.8 ko f/4 idan mutanen sun wuce ɗaya.

Mai tambaya: Na gode, Allah ya saka da alheri. Akwai suna a gidanmu ranar Asabar, a can zan fara gwajin 50mm ɗin.