Makarantu uku sun ƙi ni saboda 2.7

Maman Sudais: Assalamu alaikum 'yan uwa. Yau sai na amayar da abin da ke cikina, don tun asuba raina a jagule yake. Makaranta ta uku ke nan da ta maido mini amsa a kan karatun NP, wato nurse practitioner, matakin gaba a aikin nas, kuma duk bakinsu ɗaya: GPA ɗina, wato matsakaicin makin digirina, 2.7 ne, su 3.0 suke nema. Shekarata 6 ina aikin nas a ICU, ɗakin masu tsananin ciwo, a nan Houston ta Amurka, dutin dare, awa 12 a tsaye. Lokacin korona da hannun nan nake kifar da marasa lafiya rub da ciki don su samu numfashi, igiyar takunkumi ta yanke mini bayan kunne, har yau tabon na nan. Duk ba a ga wannan ba, sai makin da na ci ina fama da goyo, maigida yana Kano biza ta ƙi fitowa. Ni dai na ce wariya ce. Da sunana irin nasu ne da tuni an ɗauke ni. Kuma me na nema? In zama ƙaramar likita in huta da dutin dare kafin bayan nan nawa ya ƙarasa lalacewa.

Sista Ummi: Wa alaikumus salam. Kai, sannu Yaya. Allah Ya musanya miki da mafi alheri. 2.7 ɗin a kan 4 ne ko a kan 5 irin na gida?

Maman Sudais: A kan 4. A nan na yi digirin.

'Yar Zazzau: Yaya, ki yi haƙuri, na tausaya miki wallahi. Amma "ƙaramar likita" fa? In haka kika rubuta musu a wasiƙar neman gurbi, to ba 2.7 ce ta kayar da ke ba. NP ba ƙaramin kowa ba ne. Nas ce da ta yi mastas ko DNP, wato digirin dokta na aikin jinya, take duba mara lafiya, ta gano cuta, ta rubuta magani. Mu muna kwana muna karatu, wasu kuma suna rage mana tsawo da bakinsu.

Maman Sudais: Da Hausa na yi magana a nan, ba da Turanci na rubuta musu ba. To ke ya za ki faɗa wa Inna a Fagge aikin da kike karanta?

'Yar Zazzau: Sai in ce babbar nas.

Kawu Nas: Babbar nas ai metiron ce. Inna za ta ɗauka hula aka ƙara miki.

Baban Amira: Ni ban so in sa baki ba, amma tunda an taɓo mu likitoci. Maman Sudais ba ta yi laifi ba, karamci ma ta yi wa aikin. Likita a ƙasar nan sai ya yi shekara 4 a makarantar likitanci bayan digirin farko, sannan aƙalla shekara 3 yana horo a asibiti kafin a sake shi. Hukumomin da ke ba NP shaidar ƙwarewa kuwa, mafi ƙarancin abin da suka daɗe suna nema awa 500 ne a gaban marasa lafiya. Awa 500! In an ce ƙaramin likita, ni ina ganin an yi adalci har da gyara.

'Yar Zazzau: Dama na san za ka fito, Dokta. Awa 500 ɗin a kan shekarun da mutum ya yi yana jinya ake ɗora su. Matar nan shekararta 6 a ICU, ka sa su a lissafinka?

Baban Amira: Jinya daban, gano cuta daban, ƙanwata. Karen mota ko ya shekara 20 a kan hanyar Kaduna, ba shi ke riƙe da sitiyari ba.

Hajiya Babba: Malam, ka janye maganar karen mota. Ina ward tun kana firamare.

Baban Amira: Misali ne, Hajiya. Allah Ya huci zuciyarki.

Hajiya Babba: Misalin ne ban so ba.

Kawu Nas: A tambayi Dokta wa ke buga masa waya ƙarfe 3 na dare ya ce masa potassium ɗin gado na 4 ya hau. Karen motar ne.

'Yar Zazzau: Kuma a koma tarihi. A 1965 aka fara karatun nan a Jami'ar Colorado, kuma nas ce ta kafa shi, Loretta Ford, saboda yaran karkara da ba su samun mai duba su. Ba don a ƙera wa likitoci yaran aike aka yi ba.

Baban Amira: Ita da wa? Ƙarasa mana. Ita da Henry Silver, likitan yara. Kin yanke rabin labarin kin sa a aljihu. Kuma a Texas ɗin da Maman Sudais take, NP ba ta rubuta magani sai da yarjejeniya tsakaninta da likita.

'Yar Zazzau: A Minnesota da nake, in ka cika awa 2,080 na farko, cin gashin kanka kake yi. Jihohi fiye da rabi haka suke tafiya yanzu. Texas ce ta maƙale a baya.

Maman Sudais: Yanzu kuma Texas ce ta yi laifi? Ku da kuke cikin firiza wata 6 a shekara.

Ɗan Damagaram: Ni dai dariya nike. Mu a Damagaram in ka ce "na tafi likita", gidan kake nufi, asibiti ke nan. Mutumin kuma lokotoro. To in Hajiya ta zama ƙaramar likita, ta zama ƙaramin asibiti ke nan, barka da arziki. Kuma a ƙauyukanmu duk mai riƙe allura sunansa ɗaya, ba mai tambayar takardarsa.

Kawu Nas: Mu ma haka. Har mai kemis a garinmu Dokta ake ce masa.

Baban Amira: Shi ya sa a nan ba a wasa da sunan. A California an ci wata NP mai digirin DNP tarar kusan dala 20,000 a 2022 saboda kiran kanta Dokta a wurin aiki.

Maman 'Yan Biyu: Jama'a, baiwar Allah ta zo da matsala, kun kama kalma kuna ta ja. Ƙanwata Maman Sudais, ki saurare ni, don ni da 2.8 na fito, kuma yau shekarata 4 ina aikin FNP, wato NP mai duba iyali. Ni ma sau biyu aka ƙi ni, na yi kukana a mota a bakin asibiti da kayan aiki a jikina. Abin da na gane daga baya shi ne, 3.0 ɗin nan ba don ado suka sa ba. A karatun mastas in makinki ya sauka ƙasa da B za a iya sallamarki, to suna son su ga alamar za ki iya riƙe B ɗin. Shekarun ICU ba sa nuna musu haka, sabon maki ne ke nunawa.

Na ɗauki waya na kira ofishin ɗaukar ɗalibai, na tambaye su abu uku. Kuna duba kiredit 60 na ƙarshe ko duka digirin? Kuna ɗaukar mutum bisa sharaɗi? Kuna barin wanda ba ɗalibinku ba ya ɗauki kwas ɗaya na matakin mastas? Wata makarantar ta ce a'a ga duka ukun, wata ta ce e ga biyu. Na sake kwas ɗin ƙididdiga, wanda da na ci C, na samu A. Sannan na biya da aljihuna na ɗauki kwas ɗin yadda cuta ke aiki a jiki, ɗaya daga cikin manyan ukun da kowane ɗalibin NP ke yi, shi da na magunguna da na duba mara lafiya. Ina karanta shi a ɗakin hutu ƙarfe 2 na dare, littafi a cinya, shayi ya huce a kofi. Na samu A. Tsohon makin bai goge ba, yana nan a takardata har gobe, amma yanzu akwai abin da ke gefensa. A wasiƙata layi biyu kawai na ba wa labarin faɗuwar, sauran duk a kan abin da na yi bayanta. Manajan ward ɗinmu da wata NP da muke aiki tare suka rubuta mini shaida. Aka ɗauke ni bisa sharaɗin kada in sauka ƙasa da B a zangon farko.

Abu biyu kuma kada zafin rai ya rufe miki ido a kansu. Akwai makarantun intanet da za su karɓe ki gobe da safe. Ki tabbatar ɗaya daga cikin hukumomin tantance karatun jinya, irin CCNE ko ACEN, ta amince da shirin, in ba haka ba ba za ki zauna jarrabawar shaidar ƙwarewa ta AANP ko ANCC ba. Kuma ki tambaya wa zai nemo miki wanda zai horar da ke a asibiti, ku ko su. Na san waɗanda suka zauna zango guda a gida don sun rasa, wasu har kuɗi suka biya.

Sista Ummi: Allah Ya saka, Anti. Na yi sikirinshot.

Kawu Nas: Gaskiya ne. Kuma tun badaƙalar Florida ta Janairun 2023, da aka gano takardun jinya na bogi sama da 7,600, kowa ya ƙara sa ido a kan takardu.

Maman Sudais: Kawu, me kake nufi? Takardata ce ta bogi?

Kawu Nas: Subhanallah, yaushe na ce haka?

Maman Sudais: To me ya kawo Florida cikin maganata? Ni NCLEX, jarrabawar lasisin nas ta ƙasar nan, zama ɗaya na ci, ka tambaya.

'Yar Zazzau: Cin NCLEX zama ɗaya ai kowa a gidan nan ya yi. Maganar ita ce tushe. Mu da muka yi digirin jinya na BNSc shekara 5 a jami'a mun saba da rubutun bincike tun gida. Wanda ya yi shekara 3 a makarantar jinya ya zo nan ya ɗora digiri a intanet, dole mastas ta ba shi wuya. Ba zagi ba ne.

Hajiya Babba: Ashe nan kika nufa tun ɗazu. 'Yata, 'yan shekara 3 ɗin nan su suka koya muku neman jijiya. Na ga mai digiri ta huda hannun yaro sau 4, uwar na kuka, ni na karɓa na sa sau ɗaya.

'Yar Zazzau: Anti, ban ce ba ku iya aiki ba.

Hajiya Babba: Kin ce tushe.

Ɗan Damagaram: Ku bar ma 3 da 5. Mu da ake ba mu maki a kan 20, in malami ya ba ka 12 yabo ne, 16 kuwa sai a yi walima. Na kai takarduna aka auna, wani abokina ya dubi 12 ya ce ai kashi 60 ne, da ƙyar na tsallake. Wa zan kai ƙara?

Sista Ummi: Ni 3.4 nake da ita a kan 5, in raba ne in gane matsayina a nan?

Maman 'Yan Biyu: Kada ki raba. Masu auna takardu irin WES da TruMerit, wadda a da ake kira CGFNS, kwas-kwas suke bi. Ki fara tambayar makarantar wanne take karɓa kafin ki biya.

Baban Amira: Ni har yanzu ba a amsa mini ba. In ba ƙaramar likita ba ce, me ya sa take son farar riga?

Kawu Nas: Mai gwajin jini ma farar riga gare shi, Dokta. Har mai sayar da nama a Walmart.

Hajiya Babba: To ya isa haka, dare ya yi, wasu suna da duti. Tunda ni ke riƙe da gidan nan, ga abin da aka tsayar. An amince cewa abin da aka yi wa Maman Sudais akwai wariya a ciki, don duk wanda ya zauna ƙasar nan da ɗankwali a kansa ya san abin da muke gani. An kuma amince ƙwarewa ta fi maki, kuma 'yan makarantar jinya su ne ƙashin bayan aikin nan, a gida da waje. Maganar karen mota ba a janye ta yadda ya kamata ba, muna jira. Kalmar da aka yi ta rigima a kai, ni ban ga aibunta ba, haka iyayenmu ke kiranmu da alfahari tun kafin a haifi masu gyara mana Hausa. Maman 'Yan Biyu ta kawo wasu shawarwari, mai so ya hau sama ya duba. Waɗanda ba su turo kuɗin adashen watan nan ba su huɗu ne, sun san kansu.

'Yar Zazzau: Anti, su wa suka amince? Ko mutum ɗaya bai tattauna wariyar ba.

Hajiya Babba: Shiru ma amsa ce. Zan rufe sai da safe.

Maman Sudais: Anti, minti ɗaya kafin ki rufe. Maman 'Yan Biyu, lambar Houston da ke kiranki tun ɗazu tawa ce, don Allah ki ɗauka. Nawa kika biya kwas ɗin nan?