Rina gashin fata don 'yar tsana: wa ya taɓa gwadawa?

Maman Nafisa, unguwar Zariya, Maraɗi: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekara uku ke nan ina ɗinka 'yan tsana na ado, irin waɗanda ake jerawa a ɗakin amarya. Da zaren ulu nake yi musu gashi, sai bayan layyar bana na ce bari in gwada gashin gaske. Na karɓi fatar farin ɗan akuya wajen maƙwabta, aka jeme mini ita da gashinta. Ruwan ƙasa mai duhu nake so. Na tafasa ruwa, na zuba galurar da muke rina shadda, har da sodarta, na tsoma fatar. Kafin in juya sau biyu gashi ya fara bin muciya. Da ta bushe kuma ta ƙanƙance, ta yi tauri kamar ganda. Saura fata biyu gare ni, ba na son su bi 'yar uwarsu. Wanda ya taɓa yi da hannunsa ya taimaka mini.

Baba Majemi: Wa alaikumus salam 'yata. Ai ke da kanki kika yi wa fatar aski. Mu in za mu tuɓe gashi daga fata, cikin ruwan toka muke jiƙa ta har gashin ya saki, sannan mu kankare. Soda kuwa ta fi toka ƙarfi nesa ba kusa ba. Ruwan zafi kuma dafa fata yake yi, kuma fatar da ta dahu ba majemin da zai dawo da ita. Ni tun ina yaro gaban mahaifina ƙa'idar ɗaya ce: ruwan da hannunki ba zai iya zama ciki ba, kada fata ta shiga. Kayan rininmu na gado, karan dafi na ja, kuloko na baƙi, duk na fatar da aka cire wa gashi ne. Na taɓa shafa karan dafi a kan buzu don wani ya matsa mini, ya fito dishi-dishi, kuma ya riƙa bin riga.

Malama Mai Kimiyya: Baba ya faɗi gaskiya, bari in ƙara dalili. Shadda auduga ce, tana jure soda. Gashi kuwa dangin farce da ƙaho ne, soda cin sa take yi. Rinin da ke kama gashi sosai shi ne mai son tsami da zafi. To ga inda gizo ke saƙar: gashi na son zafi, fatar da yake tsire a kai ba ta so. Tun daga wajen digiri 60 zuwa 70 wasu fatun ke fara tsukewa, ruwa bai ma kai ga tafasa ba.

Ni raba su na yi. Gezar ragonmu na layya na ɗaure da zare tamau, kashi-kashi kamar kaurin yatsa, na yanke daga gindi. Na wanke da shamfu sau biyu, don maiƙo ne ke hana rini shiga. Na sa kalar abinci, wadda ake sa wa kek, cikin ruwa lita 1 da binegar cokali 3, na ɗora a wuta kaɗan-kaɗan ba tare da ya tafasa ba, kusan minti 30. Alamar ya kama ita ce ruwan tukunya ya yi haske, kalar ta koma jikin gashin. Kada ki juya da ƙarfi, zai cukurkuɗe. A bari ya huce cikin tukunyar. Daga nan sai ɗinki a kan 'yar tsana layi-layi. Aibinsa ɗaya, rana na kashe shi: wadda na ajiye kusa da taga ta koɗe kafin damina ta zagayo.

Maman Nafisa: Malama na gode. Amma gashin akuya gajere ne, in na yanke ba abin da zan kama. Da fatarsa nake son liƙawa.

Hajiya Mai Lalle, Bagalam: To ƙanwata, dawo gida. Lalle ba ya neman wuta. Na yi wa jikokina 'yan tsana huɗu da guntayen fatar akuya. Na tankaɗe lallen sosai, na kwaɓa da ruwan shayi mai ɗumi da ɗan lemun tsami, na bar shi ya tsumu. Na kafe fatar a kan katako, gashi na sama, na riƙa shafawa da tsohon buroshin haƙori, ina bin yadda gashin ya kwanta. Ban bari ruwa ya ratsa bayan fatar ba. Na rufe da leda daga azahar zuwa isha'i, sannan na ɗauraye gashin kawai. Ranar farko za ki ga ya yi ja-ja kamar gemun tsoho, kada ki tsorata, cikin kwana biyu yake nuna ya yi duhu, kamar dai a ƙafa. In kina son ya ƙara duhu, ki bi shi da garin ganyen baba, a kwaɓa a shafa nan take. Lalle ne farko, baba daga baya. Wata da na koya wa ta fara da baba a kan farin gashi, 'yar tsanarta ta fito da kai shuɗi-shuɗi, yara suka sa mata suna aljana.

Ɗan Tasawa: Ni dawaki da raƙuma na wasan yara da na ado nake yi. Na gwada kalar gashi ta kanti a kan fatar zomo, wadda ake haɗawa da oksidan, wato ruwan sinadarin da ke sa ta kama. Tana kamawa cikin minti 20, baƙi wuluk. Sai dai gashin zomo laushi gare shi, na farko da na bari ya daɗe ya riƙa karyewa in na taje. A kan akuya ya fi jurewa. Kuma ku sa safar hannu. Ban sa ba, yatsuna suka yi ƙaiƙayi da ƙuraje kusan mako guda. Baƙar kalar nan da baƙin lalle na kanti suna yi wa wasu mutane haka, shi ya sa ba na sa ta a abin da yaro zai kai baki.

Inna Ta Tibiri: Ni dai mamaki nake. Muna zaune a garin jar akuya, wadda fatarta ta yi suna har Turai, kuna wahalar mayar da fari ja. Ki je kasuwa ki zaɓi ja tun asali mana. Rini na duhunta fari, amma ba ya mayar da duhu fari, sai da maganin koɗarwa, shi kuma yana ƙona gashi.

Baba Majemi: Hajiya ta kawo hanya. Saura abu biyu 'yata. Tambayi wanda ya jeme miki da me ya yi. In bagaruwa ce, ta riga ta ɗan rina farin gashin, amma fatar na jure jiƙa. In alimun da gishiri ne, gashi zai tsaya fari tas, sai dai ruwa na wanke alimun, in kika jiƙa ta da yawa ta koma ɗanya. Na biyu, a shanya a inuwa. Tana da sauran danshi ki shafa man gyaɗa kaɗan a bayanta, ki riƙa ja kina murzawa a bakin turmi har ta yi laushi. In kika bari iskar hunturu ta busar da ita haka nan, allura ba za ta shiga ba.

Maman Nafisa: Allah ya saka da alheri, Baba da Hajiya. Na tambaya, alimun ne. Na yanki guntu kamar tafin hannu na gwada lalle da baba shekaranjiya. Gashi bai zuba ba, kalar ta yi yadda nake so, na goga da farin ƙyalle mai danshi, abin da ya fito kaɗan ne. Gefe ɗaya ya yi tauri inda ruwa ya zagaya baya, zan yanke shi. Inna, ja ma zan saya ranar kasuwa, amma waɗannan biyun kyauta na same su. Gobe in sha Allahu zan kafe babbar, sai dai katakon da nake da shi bai kai faɗinta ba. Hajiya, in na raba ta biyu kafin shafawa, kalar za ta zo ɗaya?

Hajiya Mai Lalle: In kwaɓi ɗaya ne kuma lokaci ɗaya kika rufe su, za ta zo. Ki yanka daga baya da reza, ba da almakashi ba, kada ki datse gashin.