Motar lantarki ba wurin caji a gida, zai yiwu kuwa?

Ɗan haya:
Salam 'yan uwa, don Allah shawara nake nema. Na daɗe ina sha'awar motar lantarki amma a bene nake haya, babu inda zan ja waya in jona ta da daddare, sai dai in dogara da cajin waje. Wanda ya gwada ya gaya min tsakani da Allah, zan sha wuya?

Direban dare:
Wa alaikumus salam. Shekarata biyu a haka, ana iyawa amma sai da haƙuri. Caja mai sauri tana kai batir daga kashi 10 zuwa 80 cikin kamar minti 30, daga 80 kuma sai ta koma tafiyar hawainiya, shi ya sa da ta kai nan nake zarewa in wuce. Abin da ya fi ci min rai ka iso batir saura kashi 6 ka tarar allon injin cajin a mace ko motoci uku a layi, rannan haka na zauna ina kallon agogo yarinyata na barci a kujerar baya.

Maman biyu:
Malam ka yi lissafin kuɗin ma. Mai saurin nan ta fi cajin gida tsada sosai, ribar da kake hange kan fetur sai ta ragu. In wurin aikinka akwai caja ko da mai ƙaramin ƙarfi ce irin ta 7 kW ka huta, kana ofis tana sha a hankali.

Bakanike:
Kuma ka duba bakin cajin motar kafin ka saya. Tsofaffin motocin Nissan Leaf irin bakin da ake kira CHAdeMO gare su, sababbin injinan caji da yawa kuwa wani iri ne daban mai suna CCS.

Ɗan haya:
Na gode ƙwarai, gobe zan tambaya a wurin aikin namu.